Shuɗin Tafki a Garkar Liatu

Enoch mutumin Gozaki ne, manomin auduga da dawa, dogo, siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ta zube. Ba ya faɗa da kowa, ba ya fashin sujada ran Lahadi, gonarsa kuma ba ta taɓa ba shi kunya ba. Halinsa ɗaya ne da duk garin ya sani: mutum ne mai shiri. Tun yana saurayi ya sayi famfon keke, keken bai taɓa zuwa ba, amma duk mai keke a unguwar ya san gidan da ake ba taya iska. Ya sa an sassaƙa masa karkiyar shanun huɗa, ya shafe ta da man gyaɗa ya rataye a zaure, shanun kuwa suna can garken Fulani ba su san da zamansa ba.

Matarsa Liatu gajeriya ce mai zafin nama. Tana da garka a bayan ɗakinta, an kewaye da kara, inda take shuka kuɓewa da yakuwa da ɗan barkono. Daga nan miyar gidan take fitowa. Takan ce da shiri yana cika rumbu, da su ke ciyar da ƙasar Malumfashi.

A daminar 1979 Enoch ya kai wa wani ɗan'uwansa ƙwan zabi a Funtua. Ɗan'uwan kuku ne a gidan wani Bature mai aikin gona. Aka ce ya jira a bayan kicin. Yana tsaye sai ya leƙa ta wani gibi a shingen furanni, ya ga abin da ya hana shi sakat har shekara biyu.

Rami ne mai kusurwa huɗu, cike da ruwa shuɗi shar, kamar an yanko sararin sama an shimfiɗa a ƙasa. A tsakiyar ruwan ga wani jibgegen Bature kwance rigingine, tumbinsa a sama. Ba wanki yake yi ba, ba kamun kifi ba, ko sabulu babu a hannunsa. Kwance kawai yake. Tun da aka haifi Enoch bai taɓa ganin mutum ya shiga ruwa ba tare da wata hidima ba.

Amma idonsa bai daɗe a kan ruwan ba, ya koma kan kayan aiki. Ga wata doguwar sanda mai raga a kai. Ga buroshi mai dogon ƙota. Ga tsanin ƙarfe ya sunkuya cikin ruwan. Ga wata kujera da ba a zama a kanta sai kwanciya, ga laima, ga kuma wata taya mai fenti fari da ja a rataye jikin gungume. Ya so ya yi tambaya, kukun ya ce masa, "Don Allah karɓi kwandonka ka tafi, kada ka ja mini kora."

Ya dawo Gozaki ya fara tara kaya.

Gora mafi tsawo ya samo daga fadama, ya ɗaura mata tsohuwar rariyar Liatu. Buroshin ya yi shi da tushiyar kaba. Ya samo tsohon tif, wato robar cikin tayar tirela, a tashar Danja, aka liƙe shi, ya hura da famfonsa, ya yi masa fenti fari da ja. Da yake a Funtua bai ga kowa ya taɓa tayar ba, ya gane cewa aikinta ke nan ta tsaya a jikin gungume, sai ya kafa gungume a tsakar gida ya ɗaure ta tam da waya don kada iska ta ɗauke. Tsanin kuwa Mudi maƙeri ya kai wa aikin, da ƙarafan wani tsohon gado.

"Ina za a hau da shi?" in ji Mudi.

"Ba hawa za a yi ba. Sauka za a yi."

"Rijiya?"

"Tafki."

"Wane tafki?"

"Yana nan zuwa."

Mudi ya dube shi, ya dubi ƙarafan, ya ce, "To, Allah ya kawo shi lafiya, tare da keken."

Akwai abu guda da Enoch bai iya ba, wato iyo. Shi ma ya yi masa shiri. Da hantsi, in Liatu ta gama daka, sai ya kwantar da turmi, ya kifa cikinsa a kai, ya yi ta wutsil-wutsil da hannu da ƙafa, kaji suna kewaya shi suna kallo da ido ɗaya.

Wata rana a ranin 1981 matan zumuntar ikilisiya suka zo gaishe da Liatu, suka tarar da maigidan a kan turmi. Suka gaishe shi, ya amsa yana haki, bai sauka ba. Kunya ta kama Liatu, ta ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Baban Rahab, wai ina tafkin ne? Mun ga tsani, mun ga taya, mun ga laima. Ruwan fa?"

Enoch ya sauko ya kakkaɓe cikinsa. "Wuri ne babu. In da za ki ba ni garkarki…"

"Na ba ka!" in ji ta. "Ga shaidu. Haƙa!"

Ta faɗi haka ne don ta san mijinta. Shekara ashirin da wani abu tana kallon karkiya a zaure. Abin da ba ta sa a lissafi ba shi ne Maiwada.

Maiwada marini ne, abokin Enoch tun suna kiwon awaki. Hannayensa baƙi-shuɗi ne har gwiwa, ko ranar Sallah. A shekarun nan atamfa da yadin kamfani sun cinye kasuwarsa, ramukan rininsa sun bushe saura ɗaya, yana zaune yana korar ƙuda. Da labari ya kai masa, ya zo da kansa.

"Inoku," haka yake kiransa, "kaf garin nan wa ya san yadda ake sa rami ya riƙe ruwa in ba ni ba? Kakana ya yi ramin da har yau ɗigo bai tsere masa ba."

"Ai ban gama shiri ba tukuna," in ji Enoch. "Akwai usur da nake nema."

"Usur ɗin zai same mu a rami."

Kafin Enoch ya sake buɗe baki Maiwada ya kira gayya. Mutane suka zo da diga da shebur da kwanduna, da makaɗi, yawancinsu don su ga ranar da Enoch zai fara wani abu. Liatu tana tsaye riƙe da ƙugu, ta ga an tuge darnin garkarta, kuma ita ce dole ta dama wa 'yan gayya kunu. Da yamma ta tare mijinta a gaban Maiwada.

"Magana ta fita, ba ta komawa. Amma ka ji tawa. Daga yau zuwa ranar godiyar kaka a coci, in ba a samu ɗan'adam da ya shiga ruwan nan ta wannan baki ya fita ta wancan da iyo ba, zan cike ramin da toka da shara in mai da kuɓewata. Kayanka kuma su koma zaure wurin karkiya."

"Za a samu," in ji Enoch.

"Ɗan'adam na ce. Agwagwa ba ta ciki."

Nan take Enoch ya ji nauyin abin. In ramin ya koma shara, to, ya tabbata ke nan har ya mutu shi ne mai famfo babu keke.

Wajen haƙa aka ɗan samu saɓani. Enoch yana son faɗi, Maiwada yana son zurfi, don shi a saninsa ramin da bai shanye tsawon mutum ba, ba rami ba ne, kwano ne. Duk sanda Enoch ya tafi gona, Maiwada sai ya ce wa masu haƙa su ƙara yin ƙasa. Daga nan ya kwaɓa laso irin na marina, da katsi, wato dagwalon gindin ramin rini, da gashin akuya, ya shafe ramin ciki da bai har yana sheƙi. Aka kafa tsanin Mudi a baki ɗaya. Aka tono gungumen tayar aka dasa a gefe. Aka jera kujerar kwanciya da laima.

Damina ta sauka. Enoch ya haɗa indararo daga kowane rufin kwano na gidan zuwa ramin. Ita kuwa Liatu, tun da aka tuge garka ba ta sake yin wata miya ba sai kuka. Safe kuka, rana kuka. In Enoch ya ɗaga kai daga akushi sai ta ce, "Ka yi haƙuri, kuɓewar tana iyo."

Ramin ya cika, amma ruwan ja ne kamar kunun kanwa. Enoch ya zuba alif mai kwantar da laka, ya daka 'ya'yan zogale ya watsa. Ruwan ya kwanta ya yi garau. Kowace safiya yana kwashe ganye da kwaɗi da doguwar rariyarsa, ya kai kwaɗin bayan gari, su riga shi dawowa. Mutane suka fara cewa ai sai a buɗe. Enoch ya girgiza kai.

"Na Bature shuɗi ne."

Ya tafi kasuwar Ƙarfi ya kwashe duk bular wanki da ke hannun 'yan koli, ya zuba. Ruwan ya haɗiye ta bai ce komai ba. Ya zauna a bakin ramin ya yi tagumi. Nan Maiwada ya same shi.

"Me ya faru kuma?"

"Launi."

"Yaya shuɗin nasa yake? Mai duhu, ko mai haske?"

"Kamar sama bayan an ɗauke ruwa."

Maiwada ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Kai, Inoku, kana da ni kake wahala da bula? Ka taɓa ganin ruwa ya yi shuɗi don kansa? Baturen nan rini ya yi. Akwai marini a gidan, ɓoye maka shi aka yi."

Enoch ya juya maganar ya ga ba ta da makusa.

"Amma kaɗan za ka sa," ya ce.

"Kaɗan," in ji Maiwada.

Sai dai mutumin da ya shekara bai ɗaura rini na kirki ba, ga shi an ba shi rami mafi girma da wani marini ya taɓa samu a ƙasar Katsina, ba ya jin kalmar kaɗan. Ya kwaso duk baban rini da ya tara, jaki bayan jaki. Ya zuba toka, ya zuba katsi. Ya karɓi doguwar gorar Enoch ya kwance rariyar, ya mai da ita muciya, yana motsa ruwan safe da yamma yana 'yar waƙa. Ya ce a ba shi kwanaki ruwan ya nuna.

Ruwan ya nuna. Kumfa mai ruwan jan ƙarfe ta taso a sama. Wari ya tashi ya ƙetare katanga ya shiga gidajen maƙwabta. Kwaɗi suka yi ƙaura ba wanda ya kore su. Ruwan bai yi kama da sama bayan an ɗauke ruwa ba, ya fi kama da sama in hadari ya haɗo daga gabas. Maiwada ya tsoma yatsa ya lasa ya ce ko a Kano sai haka.

Aka sa ranar buɗewa Asabar, jajibirin godiyar kaka. Da azahar gidan ya cika. Fasto Luke ya zo ya yi addu'a gajeriya yana numfashi ta baki. Mudi ya zo, matan zumunta sun zo, maƙwabta Musulmi da Kirista sun jeru a kan katanga. Liatu ta fito da kwandon toka ta ajiye a bakin ramin ta zauna a kai.

Enoch ya fito da farar singileti da gajeren wando na gwanjo, ya ce duk mai so bismilla, ruwa na kowa ne.

Ba wanda ya motsa.

Ya dubi samarin da ke iyo a rafi duk damina. Ɗaya ya ce yana mura. Wani ya ce shi bai saba da ruwa mai kusurwa ba.

"Mudi?"

"Ni tsani na yi. In ya karye a neme ni."

"Fasto, ko za a sa albarka daga ciki?"

"Albarka tana isa daga nan, ɗan'uwa," in ji Fasto Luke, ya ƙara ja da baya.

Enoch ya share murya. "To, gaskiya dai akwai sauran shiri. Usur ɗin nan har yanzu…"

Liatu ta miƙe, ta ɗebi toka cike da hannu, ta riƙe a saman ruwan, tana kallonsa.

Enoch ya dubi hannun nata. Ya dubi kujerar da ba a taɓa kwanciya a kai ba. Ya juya ya kama tsani.

Matakala ta farko ruwan ya kama idon sawunsa. Ta biyu gwiwa, ta uku ƙugu. Ya miƙa ƙafa yana neman ta huɗu. Mudi ya yi tsanin ne daidai tsawon gadon da aka ba shi, ba wanda ya gaya masa yawan ƙasar da Maiwada ya ƙara haƙewa. Enoch ya taka inda babu komai, ya nutse tsulum, kumfa ta rufe inda kansa yake.

Wuri ya yamutse. Wani ya yi ihu a jefa masa taya. Mutum uku suka rufar wa gungume suna ja, amma Enoch ya ɗaure ta da waya ɗaurin da ko guguwa ba ta isa ba. Kansa ya ɓullo, ya yi irin abin da ya koya a kan turmi, sai dai turmi bai taɓa kaucewa daga ƙarƙashinsa ba. Ya sake nutsewa.

"Maiwada!" Liatu ta ƙwala. "Fito mini da miji!"

Maiwada yana tsaye a ɗaya bakin da muciyarsa. Ya zura ta cikin ruwan ya laluba kamar yadda ya saba laluben zane, ya saƙalo singiletin ta baya, ya janyo. Aka kama hannu da ƙafa aka shimfiɗa Enoch a kan ƙasa yana tari yana amayar da ruwa.

Da farko singiletin da furfurarsa kore suka fito, kore irin na ɗanyen ganye. Sai iska ta buge su. Mutane suna kallo, gemun ya fara juyewa, gashin kai ya bi, tafin hannu da farata da singileti, duk suka rikiɗe suka koma shuɗi mai duhu.

Maiwada ya sunkuya ya duba gemun da kyau, ya murza shi tsakanin yatsu. "Ya kama," ya ce cikin jin daɗi. "Amma in ana son ya zauna sai an ƙara tsomawa."

Dariya ta ɓarke har wani ya faɗo daga katanga. Da ta lafa sai Mudi ya ce, "To ai ya ƙetare. Ta can ya shiga, ta nan ya fito."

"Ƙetarewa ko ja?" in ji wata daga matan zumunta. "Ai ko guga ana tsoma shi a janyo."

"Hannunsa yana motsi, na gani."

"Kaza ma in an yanka tana motsi."

Aka juya ga Fasto Luke ya raba gardama. Ya ce shi lokacin idonsa a rufe yake, yana addu'a. Aka juya ga Liatu. Ta durƙusa tana goge wa mijinta fuska da gefen zanenta, zanen yana ɗaukar launi.

"Ba iyo ba ne," ta ce a hankali. "Ni ba na ƙarya don a ji daɗi. Janyo ka aka yi."

Enoch ya gyaɗa kai. Ya zauna ya huta, ya tofar da sauran ruwan. Sannan ya dafa ƙasa ya miƙe, ya kewaya ramin ya koma wurin tsani. Dariya ta tsaya. Ya kama ƙarfen, ya sa ƙafa a matakalar farko.

"Baban Rahab, ina za ka?"

"Rana ba ta faɗi ba tukuna."

"Za ka mutu a kan kuɓewa?"

Ya sauka matakala ta biyu. Liatu ta tsaya tana kallon bayan wuyansa shuɗi. Tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya koma wa abu sau biyu a rana ɗaya ba, don ba ta taɓa ganin ya fara ba.

"Tsaya nan!" ta ce.

Ta ruga gindin rijiya ta kwance igiyar guga, ta zo ta ɗaura masa a ƙugu, ta ja ta ga ta kamu. Ta kewaya ɗaya bakin da sauran igiyar, ta ture Maiwada gefe, ta kafa ƙafafunta.

"Ba zan ja ba," ta gaya wa jama'a. "Ku duba hannuna. In na ja, a zuba toka."

Enoch ya saki tsani.

Abin da ya yi a cikin ruwan nan babu mai iyon da zai yarda ya kira shi da sunan sana'arsa. Ya daki ruwa, ruwa ya dake shi. Ya juya ya fuskanci inda ya fito, aka yi masa ihu ya juyo. 'Yan gaban layi duk suka samu ɗigon shuɗi a riguna, har kwalar Fasto. Igiya tana kwance lako-lako a kan ruwan, Liatu tana naɗe rarar a hannu tana cije leɓe, tana cewa, "Taho, taho, ɗan banza, taho." Sau ɗaya kansa ya ɓace, hannunta ya ƙanƙame igiyar, amma ba ta ja ba. Ya ɓullo kusa da baki, ya miƙa hannu, ya damƙi ƙafarta.

Matan zumunta suka rangaɗa guɗa. Maiwada ya ɗaga muciya sama kamar shi ya ci kokawa.

Kashegari Enoch ya shiga coci ɗauke da damin dawarsa na godiya, gemu shuɗi, kai shuɗi, ya ajiye a gaban bagade ya koma ya zauna. Mawaƙa suka kasa haɗa ido da shi, sai da aka sake ɗauko waƙar daga farko. Launin bai bar gemun ba sai da wanzami ya aske shi kusa da Kirsimati.

Ramin ya zauna. Maiwada ya nemi a bar shi ya riƙa tsoma zannuwa a ciki tun da rinin ya riga ya nuna, Enoch ya ce ranakun aiki nasa ne, amma Asabar ta tafki ce. Kowace Asabar kuwa da la'asar akan ji muryar Liatu daga bayan ɗaki tana cewa, "In za ka shiga ka shiga, ina da tuwo a wuta, ba zan wuni riƙe da igiya ba."